Ciyawar Teku da Tsatsar Jiki: Ina Gaskiyar Take?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Mai girma shugaban wannan taro, shugaban makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin ƙungiya, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu da ke zaune can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Da farko dai ina neman afuwa, domin ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya tsaya gaban waɗanda suka koya masa riƙon alƙalami ya ce zai yi musu lacca, balle ma a cikin wannan zaure da na sha shara da safe saboda makara. To amma tun da shugabanni sun ba da umurni, babu yadda zan yi. Idan na yi daidai, yabon na malamaina ne, idan kuwa na yi kuskure, ga su nan zaune, na tabbata jan biro bai bushe ba tukuna.

Na san wani zai ce, mu da muke nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, me ya haɗa mu da ciyawar teku? Amsa ita ce, ba mu je wurinta ba, ita ce ta biyo mu har gida, a cikin kwalba.

Abin da ya jawo wannan magana

Bara waccan wani saurayi mai kwat da jaka ya shigo ofishinmu yana tallar wani kafso. Ya ce an tato shi ne daga ciyawar teku, yana wanke jini, yana hana tsufa, yana maganin ciwon sukari da hawan jini har da daji, kuma za a iya karɓa bashi sai ƙarshen wata. Ni da na karanta kimiyyar sinadarai a jami'a, da na ji ya ambaci kalmar antioksidan, sai na gyaɗa kai kamar na san kome. Na sayi kwalba biyu na kai wa gwaggona da ke fama da ciwon sukari, a matsayin tsaraba.

Abin da ban yi ba shi ne in zauna in yi mata bayani. Ita kuwa da ta ga ɗanta mai digiri ne ya kawo, sai ta ajiye maganin asibiti ta kama wannan. Bayan 'yan makonni aka buga mini waya cikin dare cewa an kwashe ta ranga-ranga. Ta kwana tara a gadon asibiti. Da ta farfaɗo na je gaishe ta, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ai na ɗauka naka ya fi nasu ƙarfi." Allah ya tashi kafaɗunta, amma wannan magana ba ta bar ni na yi barci ba. Daga nan ne na koma na karkaɗe littattafaina, kuma abin da na samu shi ne na kawo muku yau.

Mece ce tsatsar jiki?

Ka fasa farin goro ka ajiye, jim kaɗan za ka ga ya sake launi. Ka yanka dankali ka bari a iska, zai yi duhu. Ka bar fartanya a waje da damina, za ta yi tsatsa. Ka ajiye man gyaɗa ya daɗe a buɗe, zai sake wari da ɗanɗano. Duk waɗannan aikin iskar oksijin ne, wato iskar nan da muke shaƙa wadda ba mu iya rayuwa sai da ita.

Haka abin yake a cikin jikinmu. A yayin da ƙwayoyin halittar jiki suke ƙona abinci da oksijin don samar da ƙarfi, sukan fitar da wasu 'yan sinadarai marasa natsuwa. Malamin kimiyyarmu zai tuna ya koya mana cewa ilaktiron sun fi son zama bibbiyu. To waɗannan sinadarai suna da ilaktiron guda wanda ba shi da abokin zama, saboda haka bari in kira su gwauraye, tare da ba gwaurayen cikinmu haƙuri. Gwauron nan ba ya zama, sai ya fizgi ilaktiron daga maƙwabcinsa. Wanda aka fizga daga gare shi, shi ma ya zama gwauro, ya auka wa na gaba. Da haka ɓarna take bin kitsen da ya lulluɓe ƙwayar halitta, da furotin, har ta kai ga ƙwayoyin gado. Hayaƙin taba, da hayaƙin itace da na janareto, da zafin rana mai tsanani, duk suna ƙara yawansu.

Abin da ake kira antioksidan shi ne sinadarin da zai ba gwauron nan ilaktiron guda ya huce, ba tare da shi kansa ya zama fitina ba. Idan ka matsa lemun tsami a kan yankakken dankali ka ga bai yi duhu ba, ka ga aikinsa da idonka.

A shekarar 1956 wani masani a Amurka mai suna Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa wannan ɓarna ce take taruwa ta zama tsufa. A 1969 kuma Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke suka gano cewa jiki da kansa yana ƙera sinadarin da ke kawar da ɗaya daga cikin waɗannan gwauraye. Wato ke nan Allah bai bar mu haka nan ba, kowane ɗayanmu yana da masu gadinsa a ciki. Bugu da ƙari, gwaurayen ba sharri zalla ba ne, domin da su ne fararen ƙwayoyin jini suke halaka ƙwayoyin cuta. Ina roƙo a riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Ita ciyawar tekun fa?

Haƙiƙa ba ciyawa ba ce irin ta dabbobinmu. Dangin gansakuka ce, ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta fure. Masana sun kasa ta gida uku bisa launi: ruwan ƙasa, da ja, da kore. Mutanen Japan da Koriya da Sin sun daɗe ƙwarai suna cin ta. Japanawa suna da kombu da wakame da nori. A Koriya kuwa miyar ciyawar teku ce ake ba mai jego, kamar yadda mu muke ba ta kunun kanwa. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa abin da ake samarwa a duniya ya haura tan miliyan 35 a shekara, mafi yawa daga Sin da Indonisiya. A nan Afirka, an fara nomanta don kasuwa a tsibirin Zanzibar a 1989, kuma akasarin manoman mata ne.

Za ku yi mamaki idan na ce mun daɗe muna amfani da ita ba mu sani ba. A 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano sinadarin aidin a cikin tokar ciyawar teku, shi ne aidin ɗin da aka wajabta sa wa a gishirin Nijeriya tun 1993 don rigakafin maƙoƙo. A 1908 Farfesa Kikunae Ikeda na Tokyo ya gano abin da ke sa romon kombu daɗi, daga nan aka samo Ajinomoto, farin magin nan da ke cikin tukwanenmu, ko da yake yanzu ba daga ciyawar teku ake yin sa ba. Abin nan mai kama da kamu da ake shuka ƙwayoyin cuta a kansa a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, wato aga, daga jar ciyawar teku yake. Haka kuma sinadaran da ke sa kauri a cikin wasu man goge baki da askirim.

Me ya sa take da arzikin antioksidan? Ku dubi inda take zaune. Wadda ke bakin gaɓa, ruwa ya rufe ta, bayan sa'o'i ya janye ya bar ta a rana tsirara, ta bushe, gishiri ya yi mata yawa, sa'an nan ruwa ya dawo. Haka kullum. Ba ta da ƙafar gudu zuwa inuwa, saboda haka kariyarta sinadarai ce.

Uku daga cikinsu sun fi shahara, kuma duk daga mai launin ruwan ƙasa ake samun su. Na farko fulorotanin, dangin abin nan ne mai bauri da ke cikin ganyen shayi da bagaruwa, amma irin wannan a ciyawar teku kaɗai ake samun sa. Na biyu fukozantin, shi ne ke ba ta launinta, ɗan uwa ne ga sinadarin da ke sa karas da manja launi. Na uku fukoidan, wani abu mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda masanin nan na Suwidin, Harald Kylin, ya fara warewa a 1913.

Abin da gwaji ya nuna

A nan ne ya kamata mu natsu, domin hujja a wannan fage hawa uku ce, kuma mai talla yakan nuna maka hawa na farko ya ce an kai na uku.

Hawa na farko shi ne kwalbar gwaji. Akwai wani ruwan sinadari mai launin shuni da ake kira DPPH, wanda Marsden Blois ya bayyana amfani da shi a 1958. Idan aka ɗiga masa antioksidan sai ya koɗe ya koma rawaya. Abin da aka tato daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa yana yin wannan aiki sosai, babu gardama. An kuma ga fulorotanin yana rage aikin sinadaran da ke narkar da sitaci ya zama sukari. Amma cikin mutum ba kwalba ba ne. Abin da ka haɗiya sai ya bi ta tsamin tumbi, ya ratsa hanji, hanta ta sarrafa shi, kuma manyan sinadarai irin su fukoidan kaɗan ne daga cikinsu suke isa jini. Wannan ne ya sa a 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta janye wani jadawali da ta daɗe tana wallafawa na ƙarfin antioksidan a cikin abinci, bisa hujjar cewa ƙarfin da aka auna a kwalba ba ya nuna abin da zai faru a jiki, kuma 'yan kasuwa suna yaudarar jama'a da shi.

Hawa na biyu shi ne dabbobi. Alal misali, a 2005 masu bincike a Jami'ar Hokkaido ta Japan sun ciyar da ɓeraye fukozantin na wakame, suka ga kitsen cikinsu ya ragu. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma ɓera ba mutum ba ne, kuma abin da ake ba shi, idan aka kwatanta da nauyinsa, yakan fi abin da mutum zai iya ci nesa ba kusa ba.

Hawa na uku shi ne mutane. Wani babban bincike a Japan da aka wallafa a 2019, wanda ya bi rayuwar mutum fiye da 80,000 shekara da shekaru, ya samu cewa masu yawan cin ciyawar teku sun fi ƙarancin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya. Sai dai mai cin ta a can shi ne kuma mai yawan cin kifi da waken soya da ganyaye, saboda haka ba za a rataya mata dukkan yabon ba. Kuma ku lura, abinci suke ci, ba kafso ba. Gwaje-gwajen da aka yi wa mutane da tataccen sinadarin kuwa, galibinsu ƙanana ne, na mutane 'yan kaɗan cikin 'yan makonni. Wasu sun nuna ɗan sassauci a sukarin jini ko kitsen jini, wasu ba su nuna kome ba. A 2018 Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da fulorotanin na wata irin ciyawar teku a matsayin ƙarin abinci, wato an yarda a sha daidai kima, ba a ce magani ba ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Darasin karas

Akwai wani labari da ya kamata kowa ya sani. An daɗe da lura cewa masu cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da ciwon daji ba. Sai aka ce lalle sinadarin beta-karotin ne, wanda ke cikin karas, tun da shi antioksidan ne. Aka mayar da shi ƙwaya aka gwada a kan maza masu shan taba su 29,133 a ƙasar Finlan. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wurin waɗanda suka sha ƙwayar. Wani gwajin a Amurka mai mutum fiye da 18,000, dole aka dakatar da shi a 1996, domin an ga ƙari na kashi 28 cikin ɗari. A 2011 kuma wani gwaji a kan maza kimanin 35,000 ya nuna cewa ƙwayar bitamin E ta ƙara yawan dajin mafitsarar maza da kashi 17 cikin ɗari.

Ba karas ne ya yi laifi ba. Abin da aka koya shi ne, sinadarin da ke da amfani a cikin abinci, tare da 'yan uwansa, daidai gwargwado, idan aka ware shi aka ninka shi sau da yawa, yana iya juyewa. Kun tuna na ce jiki yana da aikin da yake ba gwaurayen nan? To jiki daidaito yake nema, kamar gishiri a miya.

Haɗarin da ba a faɗa wajen talla

Na ɗaya, aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. To giram ɗaya tak na busasshen kombu yakan ƙunshi fiye da maikirogiram 1,500, wato bukatar kwana goma. Kamar yadda rashin aidin yake kawo maƙoƙo, haka yawansa yake rikita halittar nan ta maƙogwaro da ke amfani da shi. A 2009 an janye wata madarar waken soya daga kasuwannin Ostireliya saboda kombu da aka sa a ciki ya jawo wa mutane wannan matsala.

Na biyu, guba. Ciyawar teku tana tsotsar duk abin da ke cikin ruwan da ta tsiro, mai kyau da mummuna. A 2004 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a su guji wata iri da ake kira hijiki saboda yawan gubar asenik. 'Yar uwarta ce sagasum, wadda tun daga 2011 take tuɗaɗowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma, har da tamu ta Nijeriya da ta Gana. Wanda bai san inda aka ɗebo abin da ke cikin kwalbarsa ba, bai san abin da yake haɗiya ba.

Na uku, mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon ƙoda, da mai ciki, kada ɗayansu ya kusanci irin wannan kafso sai da sanin likita.

Na huɗu shi ne wanda ya kusa raba mu da gwaggona, wato ajiye magani na gaskiya a kama na talla. Wannan ya fi sauran duka kisa.

Abin da ke ƙofar gidanmu

'Yan uwa, idan antioksidan muke nema, ba sai mun yi bashi ba. Garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C mai yawan gaske. Jan launin zoɓo antioksidan ne, idan ba a kashe shi da sukari ba. Ga zogale, ga rama, ga alayyafo, ga tumatir da tattasai, ga gwaiba da mangwaro da gwanda, ga wake. Maƙwabtanmu matan Kanembu na ƙasar Chadi kuwa, tun kaka da kakanni suke kwasar wata gansakuka mai suna dihe daga tafkunan kanwa na yankin Tafkin Chadi, su shanya ta su yi miya. Ita ce sifirulina da ake sayarwa da tsada a kantunan Turai. Ba ciyawar teku ba ce, amma ta ishe mu misali cewa abin da ake kawo mana da sunan Turanci, sau da yawa akwai ɗan uwansa a tukunyar kakanninmu.

Kada kuma a fahimce ni baibai. Ciyawar teku abinci ce mai kyau, wanda ya samu mai tsabta ya ci daidai kima, babu laifi. Binciken da ake yi a kanta na gaskiya ne, kuma fage ne da ƙannenmu masu sha'awar kimiyya za su iya shiga, tun da ƙasar nan tana da gaɓar teku ta kimanin kilomita 850. Abin da na ƙi shi ne a sayar mana da tsammani a farashin tabbas.

Kammalawa

Ina da roƙo uku. Na farko, duk wanda aka kawo wa irin wannan kwalba, ya duba lambar hukumar NAFDAC, ya kuma karanta ƙananan rubutun da ke jiki, domin a kan magungunan ganye da yawa za ka tarar an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Sa'an nan ya tambayi mai tallar: a kan wa aka gwada, kwalba, ko ɓera, ko mutum? Mutum nawa? Maganin da aka ce yana warkar da cuta goma, ka san ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyu, mu da aka sa a makaranta, mu sani a gidajenmu maganarmu ta fi ta takardar asibiti nauyi. Abin da ka miƙa wa tsohuwa da hannunka, ka sa masa hatimi ke nan. Wanda yake da mai ciwon sukari ko hawan jini a gida, ya koma yau ya tambaya ko ana shan magani.

Na uku, ina ba ƙungiya shawara cewa a cikin gudummawar bana a tuna da ɗakin gwaje-gwajen makarantar nan. Na leƙa shi da safen nan, kuma wanda ya leƙa zai fahimci dalilina. Yaron da ya taɓa yin gwaji da hannunsa ya ga sakamako da idonsa, da wuya mai kwat da jaka ya yaudare shi, in dai bai yi sakaci irin nawa ba.

Ga malamanmu, ba mu da abin da za mu biya ku sai addu'a. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinku da cikinmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya maimaita mana na baɗi, ya kai kowa gidansa lafiya.